Babanki Bai Gudu Ba, Kulu

Assalamu alaikum wa rahmatullahi, Kulu 'yata.

Ina gaishe ki da kyau, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya a makarantar horon gandirobobi. Allah Ya tsare ki a filin fareti da ɗakin kwana, Ya haɗa ki da shugabanni masu tausayi da abokan aiki masu tsoron Allah. Ƙannenki suna lafiya, suna gaishe ki. Iyakar labarin gida ke nan da zan ba ki, don ba shi ya sa na ɗauki biro ba.

Na san ba a bar muku waya sai ƙarshen mako, kuma maganar nan ba ta waya ba ce, shi ya sa na ba direban motar Yelwa takarda ya kawo miki. Ki sami wuri ki zauna kafin ki ci gaba. Kin san halina tun da na shiga karatun diflomar nan: ba na son faɗin abin da ban tabbatar ba. Zan bambance miki abin da na gani da idona da abin da aka faɗa mini, in kuma akwai abin da ban sani ba zan ce ban sani ba.

Kin tuna kafin ki tafi na ce zan yi tafiya a kan maganar haƙƙin babanki. A darasinmu na ƙarshe a kan dokokin aikin gwamnati malaminmu ya tambayi matan aji, wace ce a cikinmu ta san lambar asusun fanshon mijinta. Babu wadda ta ɗaga hannu. Muka yi dariya, amma ni na dawo gida ina tunanin babanki. Shekara shida da rasuwar babanki, kullum ana ce mana fayil yana sama, ni kuma ban taɓa ganin ko bangon fayil ɗin ba. Da sakamakon jarrabawa ya fito, na ce tunda yanzu na iya karanta takardar ofis, bari in je da ƙafata hedikwatar jihar da ya yi aikinsa na ƙarshe.

Na je. Aka tura ni wurin wata jami'a mai kula da fayilolin ma'aikata, mace mai natsuwa, ta kai sa'ata. Ta ce, “Sunan ma'aikacin?”

Kulu, tun da aka ɗaura mana aure ban taɓa kiran sunan babanki da bakina ba. Na ce, “Maigidana ne.” Ta yi murmushi ta ce, “Hajiya, masu gida a cikin kabad ɗin nan sun fi ƙarfin ƙirga. Wanne ne naki?” Sai na buɗe baki na ce Umaru, na haɗa da sunan kakanki. Ta fita, ta daɗe, ta dawo da fayil. Ta karanta, ta ɗago ta dube ni, murmushin nan ya tafi.

Ta ce, “Yanzu yana ina? In kin san inda yake, ki ce masa ya zo da kansa. Ɓuya ba za ta gyara masa komai ba.”

Na ɗauka ban ji daidai ba. Na ce, “Wa?”

Ta ce, “Mijin naki. A nan an rubuta ya gudu daga bakin aiki.”

Ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba, ga kujera a bayana. Na ce mata, “Baiwar Allah, mutumin da na ga an fito da shi daga ruwa? Mutumin da na yi wa takaba?” Ta rufe fayil ɗin, ta kira masinja ya kawo mini ruwa. Da na ɗan dawo hayyacina ta juyo da takardun ta nuna mini da yatsa, na karanta da kaina. Babu inda aka ce ya rasu. An ga ba ya zuwa aiki, aka aika masa takardar neman bayani zuwa adireshin da ya bayar tun yana saurayi, wato tungarsu ta bakin ruwa a ƙasar Ngaski, inda babu gidan waya, babu mai karɓar saƙo. Aka sake aikawa, shiru. Aka tsayar da albashi, aka rubuta ya gudu. Mu kuma a nan da muka ga albashi ya tsaya, sai muka ce ai ofis ya samu labarin rasuwa. Ban ga laifin ofis ba, abin da ke gabansu suka rubuta.

Shekara shida muna yi masa addu'a a matsayin mamaci, a wurin aikin da ya ba ƙuruciyarsa kuwa sunansa yana cikin waɗanda suka ci amana.

Yanzu bari in gaya miki inda ni na yi kuskure, don ke ma kin sa kakin da ya sa.

Lokacin kina aji uku na sakandare, ba ki san yadda zuwansa na ƙarshe ya kasance ba. An yi masa canjin wurin aiki zuwa waccan jiha mai nisa, shi da Baba Garba, abokinsa tun na makarantar horo, wanda kuke zuwa gidansa yawon Sallah. Ba su daɗe a can ba shinkafarmu ta gungu, tsibirin nan na tsakiyar ruwa, ta nuna, tsuntsaye suka sauka mata, baffanki Ɗanjuma kuma yana kwance da zazzaɓi. Ni na kira babanki. Ya ce sabon zuwa ne, ba za a ba shi hutu ba. Na ce, “To sai mu bar wa tsuntsu abincin shekara?” Na yi ta kira har ya ce zai san yadda zai yi. Yadda ya yi shi ne ya ce wa Baba Garba, “Riƙe mini.” Haka suke yi a tsakaninsu. Mutum ya tafi girbi ko suna ko jana'iza, ɗan'uwansa ya tsaya masa a ƙofa, ya sa masa hannu a littafin zuwa aiki, in ya dawo ya rama. Babu takardar izini, babu sanin oga. Da ya iso na tambaye shi ko an ba shi hutu, ya ce, “Garba yana nan.” Na ji daɗi, ban ƙara tambaya ba.

Kulu, kada ki taɓa barin wurin aiki ba da takardar izini a hannunki ba, ko da ni ce na kira ki ina kuka. In na ce ki zo, ki ce, “Inna, sai an sa mini hannu.” In na yi fushi ki bar ni da fushina, zai wuce. Kuma duk wadda ta ce ki sa mata hannu a littafi, ko gadonku ɗaya a makaranta, ki ce mata za ki raka ta wurin oga ku roƙa tare, za ki karɓi aikinta in an amince, amma sunanta ita za ta rubuta. Za su ce kin cika tsoro. Ki amsa, ki ce gado kika yi.

Sauran kin sani, ko da yake ba duka ba. Ranar Juma'a da hantsi babanki da masu jirgi suka ɗoro buhunan shinkafa a jirgi daga gungu, iska ta taso a tsakiyar ruwa, jirgin ya kife. Mutanen Sarkin Ruwa suka shiga nema. Bulus, maƙwabcin kakanninki, shi ya nutsa ya ɗauko babanki washegari. Kin san al'adar mutanen bakin ruwa: wanda ruwa ya ci ba a kai shi cikin gari, nan gaɓar da aka fito da shi ake yi masa sutura. Aka yi masa wanka, liman ya sallace shi, aka rufe shi ƙarƙashin wata giginya kafin azahar. Ba a kai shi asibiti ba, ba a gaya wa 'yan sanda ba, ba wanda ya je ya yi rajistar mutuwa. Duk wanda ke wurin ya san Umaru ya rasu, to wa za a rubuta wa? Ni ma haka na ɗauka. Na shiga takaba, na rufe ƙofa, na bar wa maza komai.

Ba na cewa a bar al'ada, kuma gaggauta sutura addini ne. Amma a ranar da aka rufe ma'aikacin gwamnati, dole wani ya tashi daga zaman makoki ya samo shaida a rubuce: wasiƙar mai gari, rahoton 'yan sanda in hatsari ne, da takardar shaidar mutuwa. Sannan a kai wa ofis hannu da hannu, a karɓo kwafi mai hatimi. Jami'ar nan ce ta lissafa mini su, na rubuta a gabanta. Da na aiki ko da ƙanina ya yi wannan a makon farko, da ba mu kai nan ba. Ki gaya wa wanda za ki aura, ki gaya wa ƙannenki, tun kina da rai da lafiya. Ba fatan mutuwa ba ne.

Na gaya wa jami'ar duk wannan, na ce zan kawo Sarkin Ruwa da liman da Bulus su yi rantsuwa. Ta ce hakan yana da kyau, amma akwai wata matsala. Ta buɗe wani shafi. Ta ce, “Kin ce ya rasu ranar Juma'a a ruwan Yauri. A nan ya sa hannu ranar Juma'ar, ya sa ranar Asabar, ya sa ranar Lahadi. Wa ya sa masa?”

Na duba. Sunan babanki ne, amma ba rubutunsa ba ne. Na san rubutun. Shi ne a jikin kowane buhun shinkafa da ake sauke mana a ƙofar gida duk kaka, an rubuta “Iyalan Umaru”.

Kin tuna zuwan Baba Garba gaisuwa ranar addu'ar bakwai? Ya zo da kaki, ya zauna a zaure yana kuka, ya ce ofis ne ya turo shi a madadin kowa. Ya ce ya sanar, ya ce shi zai bi mana maganar haƙƙi. Baffanki ya ji daɗi ƙwarai. Duk lokacin da na tambaya sai baffanki ya ce, “Ke dai ki yi hanƙuri, Garba na bisa maganag ga. Mi kika sani ga aikin gwamnati?” Ni kuma in yi shiru, don gaskiya ne ban sani ba, kuma ina jin nauyin in matsa wa mutumin da ke ciyar da marayuna. Wannan shi ne kuskurena mafi tsawo. Na bar kunya ta hana ni cewa, “Nuna mini takardar.” Mutum yana yi miki alheri, Kulu, ki gode masa har zuciya, amma in ya ce ya kai takarda ofis, ki ce ya ba ki kwafin. Mai gaskiya ba zai ji haushi ba.

Da na dawo Yelwa ban sauka gida ba, na wuce gidansa. Kin san an dawo da shi nan kusa, kuma bana zai yi ritaya. Na same shi da rana a tsakar gida yana shanya shinkafa a kan tabarma. Ya ce, “A'a, 'yar boko! An gama digirin ne za a fara yi mana Turanci?”

Na ce, “Difloma ce, Malam Garba. Daga hedikwata nake.”

Ya tsaya da mazubi a hannu. Matarsa Inna Asabe ta fito da ruwa, ya ce ta koma ciki.

Na ce, “An ce maigidana ya gudu.”

Ya zauna a kan turmi. Ya ce, “Hadiza, labarin bai iso ni ba sai ranar Lahadi da yamma. Na riga na sa masa hannu har sau uku, yana cikin ƙasa. In na ce ya rasu ranar Juma'a, za a ce wa ya rubuta sunansa? Sabon wuri, ba mai tsaya mini. Na ce bari ƙura ta lafa in faɗa. Wata ya wuce, aka fara aika masa takarda. Daga nan kullum faɗar tana ƙara nauyi.”

Na ce, “Ka zauna a zaurenmu ka ce ofis ya turo ka.”

Ya ce, “Na faɗa.”

Na ce, “Shinkafar fa?”

Ya ce, “Ita kaɗai na iya.” Sai ya ɗago ya ce, “Watanni suka rage mini. Yara tara gare ni, ba ni da komai sai abin da zan karɓa. Ki bari in fita lafiya, in karɓi nawa, wallahi sai in je in faɗa.”

Kulu, na so in ce to. Na san 'ya'yansa ɗaya bayan ɗaya, ni na yi wa Inna Asabe zaman biki na autarta. Amma na riga na tambayi jami'ar a kan jinkiri. Ta ce kuɗin da aka riƙa cirewa daga albashin babanki suna nan a asusunsa wurin kamfanin fansho, ba wanda ya taɓa su, sai dai ba za a sake su ga magada ba sai wurin aikinsa ya tabbatar da rasuwarsa. Ta ce akwai kuma inshorar da ake biyan iyalan wanda ya rasu yana cikin aiki, amma ba za ta yi mini alkawari a kanta ba, don lokaci ya ja, kuma kowane ƙarin jinkiri yana ƙara wahalar da ita. Na gaya masa haka. Na kuma gaya masa abin da ya fi kuɗin damuna. Na ce, “Kulu tana makarantar horo. A takardunta ta rubuta mahaifinta ma'aikaci ne, ya rasu. Ranar da wani ya haɗa sunanta da wancan fayil, me za ta ce? Ita ce za ta zama maƙaryaciya.”

Na tashi na tafi. Ban yi masa barazana ba, ban ce zan kai ƙara ba, don ni kaina ban san abin da zan yi ba.

Na gaya wa baffanki. Ya ce, “Garba? Garban da ya zauna a zaurenmu yana kuka?” Ya so ya tafi gidansa da sanda, na hana shi.

Ranar Litinin da safe ina shara aka yi sallama. Baba Garba ne, cikin kaki, an goge shi sosai, da 'yar jaka a hannu. Ya ce, “Ɗauko mayafinki, mota tana lodi.” Muka yi tafiyar nan mai tsawo, yana gaba ina baya, ba mu yi magana ba sai a wurin salla. A ofis, jami'ar ta kai mu gaban babbansu. Baba Garba ya ƙame, ya sara masa, ya ce, “Ranka ya daɗe, Umaru bai gudu ba. Ya rasu a ruwa. Ni na sa masa hannu, ni na ɓoye.” Aka ba shi takarda ya rubuta, ya rubuta, ya sa hannu da sunansa.

Ga inda magana take yau, ba ƙari ba ragi. An ce za a kafa kwamiti. An ce in kawo rantsuwar kotu, da wasiƙar mai gari, da shaidar waɗanda suka yi jana'iza, in yi rajistar mutuwar, sannan in nemi takardar kotu ta magada. Mai yiwuwa su turo mutum ya ga kabarin, shi kuwa yanzu ruwa ya rufe gaɓar, giginyar kaɗai ake hangowa, sai ruwan ya ja baya. Ba a goge kalmar nan daga fayil ba tukuna. Abin da za a yi wa Baba Garba ban sani ba, na tambaya an ce kwamiti ne zai duba. Na rubuta musu da hannuna cewa shi ya kawo kansa, kuma ya ciyar da marayu shekara shida. Inna Asabe ta daina amsa gaisuwata a kasuwa, kuma ban ga laifinta ba. Ina tsoron ranar da za a ce mun samu namu, Baba Garba ya rasa nasa. Ki sa shi a addu'a. In kin zo hutu ki je ki gaishe shi, ki durƙusa kamar yadda kika saba.

Saura naki. Idan an buɗe miki asusun fansho, ki haddace lambar, ki rubuto mini ita in ajiye. Ki riƙa duba saƙon da kamfanin ke turowa, in wata ya wuce ba ki ga an zuba ba ki je ki tambaya tun abin yana sabo. Ki tabbata sunanki da ranar haihuwarki iri ɗaya ne a kowace takarda. Adireshin da za ki bayar ya zama inda saƙo ke isa, in kin tashi ki je ki canja. Takardar ɗaukar aiki, ta ƙarin girma, ta canjin wuri, ta hutu, kowacce ki yi kwafi biyu, ɗaya wurinki ɗaya wurina. Kuma inda aka ce ki rubuta wanda za a nema in wani abu ya same ki, kada ki ji kunyar sunana. Hadiza ne, ki rubuta shi cikakke da lambar wayata. Babanki sunan kakanki ya rubuta, wanda ya riga shi rasuwa, bai kuma koma ya gyara ba.

In za ki zo gida ta ruwa, kada ki shiga jirgin da aka cika da kaya, kuma ki sa rigar ruwa ko ana yi miki dariya.

Allah Ya tsare mini ke daga sharrin ruwa da na hanya da na abokin da zai roƙe ki abin da zai cuce ku duka. Allah Ya sa ki shiga aikin nan lafiya, ki fita lafiya, ki ci haƙƙinki da hannunki kina tsohuwa. Allah Ya jiƙan babanki, Ya sanyaya makwancinsa, Ya yafe mini kiran da na yi masa. Kuma in wani a can ya ji sunanki ya tambaye ki ko ke 'yar Umarun nan ce da ya gudu, kada ki sunkuyar da kai. Ki ce masa babanki bai gudu ba, shinkafa ya je ɗauko mana, ruwa ya riƙe shi.

Wassalamu alaikum.

Innarki,
Hadiza
Yelwa, Yauri